Hasumiyar Eiffel a bangon amarya, tangaran a kulle

Satin da ya wuce na je ganin ɗakin 'yar yayana da aka kai gidan miji a nan Kano. Ina shiga falo hoton hasumiyar Eiffel ta birnin Paris ya tare ni, ya cinye bango guda daga sama har ƙasa. Ga kujeru masu ruwan gwal da lanƙwasassun ƙafafu, ga labule hawa uku. A uwar ɗaka kuwa, gaban madubi, an jera kwalaben turare babu masaka tsinke: Chanel, Dior, Lancôme, da wasu da harshena ba zai iya furta sunansu ba. Na ɗauki ɗaya, ko ledar kwalin ba a ɓare ba. Na ɗauki ta gefenta, na ji ta sakayau. Babu ko ɗigo a ciki.

Mai jeren tana tsaye tana gyara filon gado. Ta ce, "Hajiya, a yi haƙuri a mayar da ita mazauninta, ba a gama ɗaukar hoto ba. Salon Faransa muka yi wa amarya, shi ake yayi yanzu."

Na ja amarya gefe na ce, "Ke 'yar nan, a cikin waɗannan wanne kike fesawa?" Ta rufe baki tana dariya. "Haba Gwaggo, ai na ado ne. Humrar da Inna ta haɗa min tana cikin akwati."

Tun ranar abin yake cina a rai. Ra'ayina shi ne akwai abin koyi a yadda Faransawa suke zama a gidajensu, sai dai ba shi muka ɗauko ba. Hoton muka ɗauko, muka baro ɗabi'ar a can. Ɗabi'ar kuwa ita ce mutum ya mori abu mai kyau yau, shi da iyalinsa, ba sai baƙo ya zo ko biki ya tashi ba. Wannan ba ya cin kuɗi, kuma kayan aikinsa muna da su a gida, wasu ma namu sun fi nasu.

Abin da Bafaranshe yake yi da gidansa

Mu fara da burodi, tunda shi ne mafi arha a teburinsu. Dogon burodin nan nasu, wanda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai suka sani sarai, ba ya kwana. Da safe aka gasa shi, kafin dare ya fara tauri. Dole kullum a taka zuwa gidan burodin unguwa a sayo sabo. A 1993 gwamnatinsu ta yi masa doka: wanda za a kira burodin gargajiya, kayan haɗinsa fulawa ne da ruwa da gishiri da yis, babu sinadarin hana lalacewa, kuma ba a yarda a daskarar da ƙullin a firiza ba. A 2022 hukumar UNESCO ta sa sana'ar yin sa cikin jerin al'adun duniya da ake karewa.

Abincin talaka ne fa, na yau da gobe, shi aka ga ya cancanci doka.

Haka zaman cin abinci. Ƙididdigar OECD, ƙungiyar da yawancin ƙasashenta masu arziki ne, ta nuna Bafaranshe yana ba ci da sha fiye da awa biyu a rana, ya zarce duk sauran ƙasashen da ke cikinta. Dokar ƙwadagonsu ta hana ma'aikaci cin abinci a kan teburin da yake aiki, sai da annobar korona ta tilasta aka sassauta na ɗan lokaci a 2021. A gida ana shimfiɗa ƙyalle a tebur, a jera faranti, kowa ya zauna, ko da abin da ke cikin tukunyar romon ganye ne kawai. Yara in sun taso makaranta wajen ƙarfe huɗu akwai ɗan abin taɓawa da ke jiransu, sau da yawa burodi da ɓallin cakulan. Ranar Lahadi dangi su haɗu, a fara cin abincin rana, a yi ta hira har la'asar ta wuce ba a tashi ba.

Sabulun wankansu na garin Marseille, tun 1688, zamanin Sarki Louis na 14, aka kafa dokar cewa da man zaitun za a yi shi, ban da kitsen dabba. Har yau curi ne mai kusurwa huɗu, babu ƙyale-ƙyale a jikinsa. A kudancin ƙasar, yankin Provence, suna busar da wani fure mai ƙamshi da suke kira lavande, a ɗinka shi a 'yar jakar ƙyalle a tura cikin zannuwan gado. Ranar 1 ga Mayu kuma al'adarsu ce a miƙa wa maƙwabci ko uwa ɗan reshen wani farin fure na fatan alheri.

Duk wannan jerin babu abu ɗaya mai tsada a ciki. Abin da suke kashewa lokaci ne da kula.

Kada a ce na mai da Faransa aljannar duniya. Mafi yawan mazauna Paris a matsattsun ɗakuna suke, wasu falon amaryar nan ya fi gidansu gaba ɗaya faɗi. Suna da mayunwata: tun 1985 ƙungiyar Restos du Cœur take raba wa talakawa abinci duk lokacin sanyi. A 2018 tsadar mai ta fito da masu zanga-zanga sanye da riguna ruwan ɗorawa kan tituna. Kujerun gwal ɗin da ake sayar mana da sunansu kwaikwayon Versailles ne, fadar sarakunansu na da, yawanci daga Turkiyya ko Sin ake kawo su. Faransawan da kansu kuwa a 1793 suka fille kan sarkin da ya zauna a fadar.

Mu da kayan kallo

Ku shiga gidajenmu ku duba shogilas. Saitin tangaran ne jere, kofuna masu bakin gwal, jug da tambulan, tun na aure. Mai su ta haifi 'ya'ya, ta yaye, ta kai wasu jami'a, bakinta bai taɓa taɓa kofi ɗaya a ciki ba. Shayin safe a kofin roba ake sha, wanda gefensa ya sha wuta ya lotsa. Duk ƙarshen wata a fito da tangaran a goge ƙura a mayar. Yaro ya kusanci wurin, ya sha rankwashi.

Akwai falon baƙi da ke kulle, iyali kuma suna cunkushe a tsakar gida ko ƙaramin falo. Akwai zanin gadon da aka ajiye wa ranar suna. Akwai turaren wuta mai kyau, na Maiduguri, da ba a zuba shi a kasko sai an ji sallamar baƙuwa a ƙofa. Nan da nan a aiki yarinya ta ɗebo garwashi. Baƙuwa ta shaƙa ta yaba, ta tafi, a rufe kwalba sai wata ta zo.

Za a ce min karamci ne, kuma na yarda girmama baƙo ɗabi'armu ce da ba zan so ta gushe ba. Abin da nake tambaya shi ne, su mutanen gidan fa? Miji da mata da 'ya'ya da suke kwana su tashi a cikinsa, me ya sa su ne kaɗai ba su cancanci kofin tangaran ba?

Za a kuma ce jere ba yau aka fara ba. Gaskiya ne. Iyayenmu sun jera ƙwarya, suka koma tasa, suka koma kwalla da samira, a ɗora su hawa-hawa har su kusa taɓa rufi. Amma wancan jeren asusun mace ne. In ta shiga matsi ta cire kwalla biyu ta ba dillaliya, in 'yarta ta tashi aure ta rage mata. Kayan ba sa ruɓewa, darajarsu ba ta faɗuwa sosai. Kwalbar turaren da babu komai a ciki wa zai saya? Gadon da aka matse daga dusar katako, damina biyu ya kumbura ya fara ɓarewa, wace dillaliya ce za ta karɓa? An bar wa amarya nauyin jeren, an cire mata amfaninsa.

Maza ma ba su tsira ba. Magidanci zai tsaya wajen mai balangu ya ci na dubu uku a tsaye, ya goge baki, ya wuce majalisa sai ƙarfe sha ɗaya. Gida wurin kwana ne kawai a gare shi. In da zai sa a naɗe naman nan ya kawo, a zuba a faranti mai kyau, a yanka albasa da tumatur, a zauna da yara a ci, kuɗin ɗaya ne. Shi ma yana da turarensa na Juma'a, mai tsada, da yake fesa wa babbar riga saboda mutanen masallaci. Matarsa kuwa da warin zufar kasuwa yake dawo mata.

"Ana ta kai, wa yake ta kaya?"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada a Najeriya, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Akwai gidajen da tukunya ba ta hawa murhu sau biyu a rana. Wanda yake cikin wannan hali, maganar furanni a tebur kusan zagi ce a wurinsa, kuma ba da shi nake ba.

Amma ku lura da inda kuɗin yake tafiya. Uban amarya ya sayar da gona ko ya ci bashi, ba don 'yarsa ta ji daɗin zama ba, don kada dangin ango su raina. Abin da ke karya mutane shi ne na nunawa. Na morewa kusan kyauta ne: share tsakar gida a yayyafa ruwa da yamma, shimfiɗa tabarma a inda iska take kaɗawa, jefa ganyen na'a-na'a da kanumfari a shayi, sa ɗan kajiji a cikin akwatin tufafi, dasa lalle ko tafarnuwa a tsohon bokiti. Kuɗin hoton bangon nan kaɗai zai sayi turaren wutan da gida zai yi shekara yana ƙamshi.

Na san wata tsohuwa a unguwarmu, sana'arta ƙosai da koko. Ɗaki ɗaya gare ta. In ta gama suya ta wanke kasko, sai ta yi wanka, ta shafa man kaɗe, ta canja zani, ta ɗauko garwashin da ya rage a murhu ta zuba a ɗan kaskon turare. Ta barbaɗa abin da bai fi kan yatsa uku ba, ta kifa kabbasa a kai, ta yafa mayafinta da zanin gobe. Sannan ta zauna a bakin ƙofa da kofin shayi, rediyo a gefenta. Mijinta ya rasu da daɗewa, babu baƙon da take jira. Ita ba ta taɓa jin sunan Provence ba, amma abin da nake ƙoƙarin bayyanawa ke nan.

Ita ma ba a ƙyale ta ba. Na ji da kunnena wata tana ce mata, "Iya, wannan ƙamshi haka, wa ake yi wa?" A nan ciwon yake. Mun ɗaure ƙamshin mace da riƙe miji da kishi. Ku duba tallan masu humra a Instagram da TikTok: mallaka, sirrin uwargida, maganin kishiya. Kamar mace ba ta da hancin kanta. Bazawara ta turara ɗakinta, a ce tana neman wani abu. Wadda ta fita takaba ta shafa humra, a ce ta yi saurin mantawa. Yi wa miji ƙamshi abu ne mai kyau kuma mai lada. Sai dai macen da ba ta iya jin daɗin ƙamshi don kanta ba, duk ranar da suka saɓa da miji kaskon ma mutuwa yake.

Faransa kuma, bayan duk abin da ta yi?

Ɗan'uwa daga Nijar zai iya tsayar da ni a nan, kuma yana da haƙƙi. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. An yi shekara da shekaru ana haƙar ma'adinin yuraniyom a Arlit ana kai wa tashoshin lantarkin Faransa, alhali ƙauyukan Nijar suna cikin duhu. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an sallami jakadansu, sojojinsu suka gama ficewa a Disambar shekarar, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. A irin wannan lokaci ne wata za ta zo tana yabon zaman gidan Faransawa?

Amsata ita ce, sojojin sun tafi, amma gidajen burodin Yamai ba su daina gasa dogon burodi ba, kuma ban ji wanda ya ce a daina ba. Burodin ya zama na mutanen Nijar, suna tsaga shi su zuba wake ko ƙwai ko nama yadda suka ga dama. Mu dama mutane ne masu karɓar abu mu mai da shi namu. Shaddar gezna da muke taƙama da ita a Ostiriya ake saƙa ta. Atamfar da ake sawa a saman lefe daga Holan take. Turaren Bint el Sudan, da kakanninmu suka shafa har ya shiga kayan aure da na jana'iza, wani kamfanin Ingila ne, W.J. Bush, ya fito da shi a 1920, daga baya aka koma haɗa shi a Kano. Babu wanda ya ce mun zama Turawa don haka.

In ma akwai bauta a cikin lamarin, tana wajen wanda ya liƙa hoton hasumiyar wasu a bangonsa, ya jera kwalabensu babu komai a ciki, ya ɓoye humrar uwarsa a akwati.

Me ke cikin kwalbar?

Ya kamata mu san abin da muke girmamawa haka. Cibiyar turaren Faransa wani ƙaramin gari ne a kudu, Grasse. Asalinsa garin majema ne. Duk wanda ya taɓa bi ta majemar Kano ya san irin warin da ake magana. Masu kuɗin Turai suna son safar hannu ta fata amma ba sa son ɗoyinta, sai majeman suka fara turara fatar da furanni. A hankali sana'ar jima ta mutu, ta turare ta rayu. Har yau ana noman yasmin da wardi a gonakin garin, a tsinke yasmin da hannu da sassafe kafin rana ta yi zafi. A 2018 UNESCO ta sa wannan ilimi nasu cikin jerinta.

Gidan Guerlain tun 1828 yake haɗa turare. Chanel N°5 ya fito a 1921, haɗin wani gwani mai suna Ernest Beaux, kuma har gobe ana sayar da shi. A Versailles akwai makarantar koyon haɗa turare, ISIPCA, da aka kafa a 1970. A gefenta akwai Osmothèque, wani ɗakin ajiya da aka buɗe a 1990, inda suke adana tsofaffin turaruka da tsarin haɗinsu, har waɗanda aka daina sayarwa.

To amma kayan haɗin fa? Kaɗan ne na ƙasarsu. Banila daga Madagaska take zuwa, mafi yawan yasmin daga Masar da Indiya, wardi daga Bulgeriya da Turkiyya, sandal daga Indiya da Ostireliya. Saiwar ciyawar da ke ba turaren maza ƙamshin ƙasa-ƙasa, wadda suke sayowa daga Haiti, 'yar'uwar jemar fadamunmu ce. Jibdar da tsofaffin turarukansu suka dogara da ita daga Habasha ake kai musu, kafin su koma ta haɗin sinadarai, kuma Bahaushe ya san jibda tun kafin Bature ya zo. Man kaɗen da kamfanin L'Occitane yake sawa a man shafawarsa, daga hannun matan Burkina Faso yake saye. Abin da Faransa ta mallaka shi ne awo, da rubutu, da haƙuri, da suna.

Akwai kuma abin da masu jere ba sa faɗa wa amare. Turaren feshi zafi da haske ke kashe shi. Kwalbar da ta yi watan Afrilu a gaban madubi a Kano, ga rana ta taga, ga wuta babu balle fanka, launinta zai canja, ƙamshin ya juya ya yi tsami. Wanda aka ajiye shekara uku don ado, ranar da aka buɗe ba shi ne aka saya ba. Wurinsa cikin drowa, a kwalinsa, kuma a yi amfani da shi. Rubutun jikin kwalbar ma yana da ma'ana: eau de toilette ya fi tsinkewa, eau de parfum ya fi shi kauri, kuɗinsu ba ɗaya ba ne, daɗewarsu ma haka. Dukansu a cikin alkohol aka narka su, shi kuwa zafinmu nan da nan yake tashinsa. Shi ya sa humra da turaren mai suka fi zama a jikinmu. Matan Barno da Chadi da Sudan da suka ƙirƙiro su sun san ƙasar da suke ciki.

In kuma kin ga babban suna ana sayar da shi a kan baro da kuɗin katin waya, kin san abin da kika saya.

Ta fuskar addini

Wasu za su ce duk wannan son duniya ne. Ni ba malama ba ce, amma abin da kowa ya sani shi ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci turare cikin abubuwan da aka sanya masa sonsu a duniya, kuma ba ya mayar da kyautar turare. Abin da Alƙur'ani ya hana shi ne almubazzaranci. To tsakanin wadda ta sha shayi a kofinta mai kyau da wanda ya ci bashi ya sayi kwalaben da ba za a buɗe ba, wa ya fi kusa da almubazzaranci?

Hanin da aka yi wa mace na fita tana ƙamshi ta ratsa maza, shi ma goyon bayana yake yi, domin ya mayar da ƙamshinta cikin gida, inda nake cewa a kai shi. Batun alkohol ɗin da ke cikin turaren feshi kuwa malamai sun yi saɓani. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba ga turaren mai nan, ga humra, ba ta rasa komai ba.

Inda namu ya gaza

Ba zan yabi namu in rufe ido ba. Turaren wuta hayaƙi ne. A rufe ƙofa da taga, a tayar da shi har ba a ganin juna, ga jariri a kwance, ga tsoho mai asma, wannan cutarwa ce komai daɗin ƙamshin. Faransawa suna da ɗabi'ar buɗe tagogi da safe, ko ana sanyi, iska ta ratsa ɗaki, a baje bargo ya sha iska kafin a gyara gado. Mu kuma sau da yawa ƙamshi muke ɗorawa a kan gumi da danshi. A fara buɗe taga, a share, a goge. A turara ɗaki lokacin da yara suke waje, a bari hayaƙin ya fita, ƙamshin zai zauna a labule da zannuwa.

Sai babban rashinmu, wanda ya fi ba ni takaici. Mai haɗa humra ta gaske tana da ilimin da bai gaza na mutanen Grasse ba. Ta san yadda ake wanke farce a soya shi har ƙarninsa ya fita, ta san gwargwadon sandal da miski da kajiji, ta san tsawon lokacin da za a rufe haɗin ya tsumu kafin a taɓa. Mai turaren wuta ta san lokacin da sukari ya narke ya kama icen hawi bai ƙone ba. Duk a ka yake, da tafin hannu ake aunawa. Tsohuwa ta rasu, in 'yarta ba ta tsaya ta koya ba, shi ke nan an binne su tare.

Wadda ta gada kuma sai ta zuba a tsohuwar kwalbar mayonis, babu suna, babu ranar haɗi, babu jerin abin da ke ciki. Ki saya yau ki ji daɗi, ki koma bayan wata uku ki samu wani abu dabam, domin wancan karon hannunta ya yi nauyi a miski, wannan karon ya yi sauƙi. Mai fata mai saurin ƙaiƙayi ba ta da hanyar sanin abin da za ta shafa. Da wannan ne amarya take jin kunyar ɗora humrar uwarta a gaban madubi.

A nan nake so mu kwaikwayi Faransa ba kunya. Matasan matan da suka shiga sana'ar nan a Maiduguri da Kano da Kaduna da Damagaram, waɗanda da yawansu sun yi karatu, su sayi ɗan sikelin awo, su zauna gaban iyayensu da kakanninsu da littafi, su rubuta kowane haɗi da giram ɗinsa da sunan wadda ta koyar da su. Su samu kwalba mai murfin kirki, su rubuta abin da ke ciki da ranar da aka haɗa. Sassan nazarin sinadarai a jami'o'inmu na Maiduguri da Kano da Zariya suna da ɗaliban da ke neman abin bincike duk shekara. Ga kajiji da jema da ƙaron hano a kasuwar Kurmi, ana auna su da gwangwani.